DARASI NA 14: YADDA AKE KASA DUNIYA HAWA-HAWA DA YANKI-YANKI

Kayan da za a zo da su aji: mangwaro ɗaya, lemo ɗaya, wuƙa, zare, fitila, da miƙaƙƙiyar sanda.

Mahauci in ya yanka sa, ba ya sayar da shi ɗungum. Sai ya feɗe, ya kasa shi kashi-kashi, kowane kashi da sunansa. Haka masana labarin ƙasa suka yi wa duniya. Ta fi ƙarfin mutum ya san ta gaba ɗaya, don haka suka kasa ta. Hanyar kasawar biyu ce. Ta farko ita ce daga waje zuwa ciki, hawa-hawa, kamar yadda ake ɓare albasa. Ta biyu ita ce daga gefe zuwa gefe, yanki-yanki, kamar yadda ake raba gandu tsakanin magada. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ga a wane hawa muke zaune, da kuma wane yanki.

1. Girman duniya

Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo. Girmanta ne ya sa muke ganin ta a shimfiɗe kamar tabarma. Kiyashin da ke tafiya a bayan babban tulu, shi ma gani yake a fili yake tafiya.

Kewayenta wajen mil 25,000 ne. In da akwai hanya, mutum mai cin mil 20 kullum sai ya yi shekara uku da wata biyar kafin ya komo ƙofar gidansa. Daga inda muke zaune zuwa tsakiyar cikinta kuwa kusan mil 4,000 ne. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ce. Watau sai an jera irinta kusan shida kafin a kai tsakiyar duniya.

2. Hawa uku na cikin duniya

Ku tambayi mahaƙin rijiya, zai gaya muku ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Da fari yakan cire ƙasar noma, mai duhu, mai taushi. Sa'an nan ya shiga jar ƙasa. Sa'an nan marmara, wani wuri kuwa yumɓu ko tsakuwa ko rairayi. In ya yi sa'a, ya tarar da ruwa a gaba takwas ko goma. In bai yi sa'a ba, ya ci karo da fa, diga ta ƙi shiga.

To, duk abin nan da ya ratsa, bai ko karci fatar duniya ba. Malami ya yanka mangwaro a tsakiya, kowa ya duba. Akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Za mu ari waɗannan sunaye uku mu sa wa cikin duniya.

Hawa na farko shi ne ɓawo. Dutse ne sandararre. A kansa garuruwanmu suke, da gonaki, da koguna, da teku. A ƙarƙashin tudu kaurinsa wajen mil 20 ne zuwa 25, a ƙarƙashin manyan duwatsu yakan kai 40. A ƙarƙashin teku kuwa bai fi mil 4 ko 5 ba. In an gwada shi da girman duniya, bai kai ko kaurin ɓawon mangwaron nan ba.

Hawa na biyu shi ne tsoka. Ta fara daga ƙarshen ɓawo har zurfin mil 1,800. Ita ce mafi yawan jikin duniya. Ita ma dutse ce, amma mai tsananin zafi. Kun ga yadda ƙarfe yakan yi laushi in maƙeri ya zuga shi ya yi ja, bai narke ba amma yana tanƙwaruwa? Haka wannan dutse yake. Yana motsi sannu sannu.

Hawa na uku shi ne ƙwallo. Mafi yawansa ƙarfe ne, kuma kashi biyu ne. Na waje narkakken ƙarfe ne, yana gudana kamar ruwa, kaurinsa wajen mil 1,400. Na ciki kuwa dunƙulen ƙarfe ne mai tauri, daga gefensa zuwa tsakiyarsa wajen mil 760. Ruwa yakan tafasa a digiri 100 na awon zafi. Ƙarfe yakan narke a wajen digiri 1,500. Zafin tsakiyar duniya ya wuce digiri 5,000. Wani zai ce, don me ƙarfen can ciki bai narke ba, alhali ya fi na waje zafi? Dalili shi ne nauyin duk abin da ke bisansa ya danne shi, ya matse shi, ya hana shi narkewa.

Narkakken ƙarfen nan yana yi mana aiki ba mu sani ba. Juyawar da yake yi ita ta mai da duniya kamar ƙaton maganaɗisu. Shi ya sa allurar kamfas kullum take nuna arewa, matuƙin jirgi ya san inda ya dosa ko cikin duhu.

3. Wa ya shiga ya gani?

Ba wanda ya shiga. Ramin haƙar zinariya mafi zurfi yana Afirka ta Kudu, zurfinsa wajen mil 2 da rabi. Zafin da ke ƙasansa ya yi yawa, har sai an tura ƙanƙara ciki kafin ma'aikata su iya aiki. A arewacin Rasha, a wani wuri da ake kira Kola, an fara huda ƙasa da inji a 1970. Bakin ramin inci 9 ne kawai. A 1989 aka kai zurfin mil 7 da rabi, watau fiye da gaba 6,000. A can aka tarar da zafi digiri 180, aiki ya gagara. Shekara goma sha tara ana haƙa, ko rabin ɓawo ba a ratsa ba.

To, yaya aka san abin da ke ƙasa da nan? Ku tuna da mace mai sayen tukunya a kasuwa. Takan ƙwanƙwasa ta, ta kasa kunne. Da jin amon ta san ko tukunyar lafiyayya ce ko ta tsage. Girgizar ƙasa ita ce take ƙwanƙwasa duniya. In ƙasa ta girgiza a wani gari, motsin yakan ratsa cikin duniya ya ɓulla a wasu ƙasashe masu nisa. Masana sun girke na'urori ko'ina suna rubuta lokacin da motsin ya iso, da ƙarfinsa.

Motsin nan iri biyu ne. Ɗaya yana ratsa dutse, yana ratsa ruwa. Ɗaya kuwa dutse kaɗai yake ratsawa, in ya tarar da abu mai ruwa-ruwa sai ya tsaya. A 1906 wani Bature na Ingila, Richard Oldham, ya lura motsin da ya bi ta tsakiyar duniya yakan makara, ya gane akwai ƙwallo a ciki. A 1926 Harold Jeffreys ya nuna ƙwallon narkakke ne. A 1936 wata mata 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta bi lissafin a hankali, ta gano akwai wani ƙaramin ƙwallo a cikin narkakken. An ce gani ya kori ji. A nan kuwa ji ne ya yi aikin da gani ya kasa.

Wani lokaci zafin cikin duniya yakan leƙo waje. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya tsattsage manyan ɓangarori kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke. Ɓangarorin suna tafiya a kan tsoka, saurinsu bai fi saurin tsirar farce ba. Inda suka gogi juna, nan girgizar ƙasa ta fi yawa, nan kuma duwatsu masu aman wuta suka fi yawa. Ƙasar Hausa tana nesa da bakin ɗinkin, shi ya sa ba mu cika ganin waɗannan masifu ba. Amma akwai alamu kusa da mu. Ruwan Wikki a dajin Yankari da ɗuminsa yake ɓuɓɓugowa. A ƙasar Biu akwai tsofaffin duwatsu da suka taɓa aman wuta, suka mutu. Babban dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Birnin Ankara na Gana kuwa ya sha girgizar ƙasa a 1939.

4. Hawa-hawa na iska

Mun duba ƙasa, yanzu mu ɗaga kai. Iska ta lulluɓe duniya kamar mayafi, ita ma hawa-hawa ce.

Hawa na ƙasa shi ne namu. A bisa ƙasashe masu zafi irin namu tsawonsa wajen mil 10 ne. In an kasa iskar duniya huɗu, wajen kashi uku suna cikinsa. Gajimare da hadari da ruwan sama da ƙurar hunturu duk a nan suke. A cikin wannan hawa, ko yaushe mutum ya ƙara hawa sama, sanyi ya ƙaru, iska ta ragu. Shi ya sa Jos, da ke kan tudu wajen ƙafa 4,000, ta fi Kano sanyi. Dutsen da ya fi kowane tsawo, Ebares na nahiyar Asiya, ya wuce ƙafa 29,000. Yawancin masu hawansa sai sun goya iskar shaƙa cikin tulun ƙarfe.

Hawa na biyu ya kai wajen mil 30. A cikinsa akwai wata irin iska da ake kira ozon. Ita take tare mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Sama da nan iska sai ƙara sirancewa take yi. Kafin mil 60 ta kusa ƙarewa. Amma 'yar wadda ta rage can sama tana da amfani: ita take maido da muryar rediyo mai gajeren zango ƙasa, mu ji magana daga Landan ko Alƙahira muna zaune a zaure.

Ku lura. Daga Kano zuwa Zariya kusan mil 100 ne. Iskar da duk mai rai yake shaƙa, tsawonta bai kai wannan tafiya ba.

5. Ruwa da tudu

Yanzu mu koma hanya ta biyu, watau yanki-yanki. Rabo na farko shi ne tsakanin ruwa da tudu. In an kasa bayan duniya goma, wajen kashi bakwai ruwan teku ne, uku tudu. Manyan tekuna biyar ne. Babbarsu ita ce Pasifik, ita kaɗai ta fi dukan tudun duniya faɗi. Wuri mafi zurfi a cikinta ya kusa mil 7. Wadda ke bakin Ikko sunanta Atlantika.

Tudu kuma an kasa shi manyan yankuna, kowane ana ce masa nahiya. Yawanci bakwai ake ƙirgawa: Asiya, Afirka, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Antatika, Turai, da Ostiraliya. Asiya ce babba, Afirka tamu ke bi mata. Amma ku duba taswira. Turai da Asiya a haɗe suke, ba teku tsakaninsu. Mutane ne suka shata iyaka, shi ya sa waɗansu masana sukan ce nahiya shida ce. Afirka ma a manne take da Asiya ta wajen Masar, sai a 1869 aka buɗe mashigin Suwes, wanda mutane suka haƙa don jiragen ruwa.

Wannan ya nuna mana abu ɗaya. Wata iyakar tarar da ita aka yi, kamar bakin teku. Wata kuwa mutane ne suka ja ta don sauƙin aiki, kamar kunyar da ke tsakanin gonaki biyu.

6. Layukan taswira

Malami ya ɗaura zare a tsakiyar lemo kamar ɗamara. Wannan ɗamara a taswira sunanta Ikwaita. Ta raba duniya biyu, rabin arewa da rabin kudu. Ba a ganin ta a ƙasa, a takarda kaɗai take. A Afirka ta bi ta Gabon, da Kwango, da Yuganda, da Kenya, da Somaliya.

Daga Ikwaita zuwa ƙuryar arewa an kasa 90, haka kuma zuwa ƙuryar kudu. Kowane kashi shi ma digiri ake ce masa, amma wannan na nisa ne, ba na zafi ba. Digiri ɗaya wajen mil 69 ne. Ikko tana digiri 6 da rabi arewa da Ikwaita. Kano 12. Damagaram kusan 14. Agadas 17. Makka 21. Landan 51 da rabi.

A haska lemon da fitila daga gefe. Tsakiyarsa ta fi samun haske, sama da ƙasa kuwa hasken a karkace yake faɗa musu. Haka rana take yi wa duniya. Don haka aka kasa ta ɗamara biyar. Daga digiri 23 da rabi arewa zuwa 23 da rabi kudu, yankin zafi ke nan, a cikinsa muke. Iyakarsa ta arewa ta ratsa hamada, ta bi tsakanin Makka da Madina. Gaba da shi, arewa da kudu, akwai yankuna biyu matsakaita, har digiri 66 da rabi. Sa'an nan yankuna biyu na ƙanƙara. A can ƙuryar, rana takan yi wata shida ba ta faɗi ba, ta kuma yi wata shida ba ta fito ba.

Wannan kasawa ba sabon abu ba ne. A 1154 wani malami Balarabe, Al-Idrisi, ya zana taswirar duniyar da aka sani a zamaninsa, ya kasa ta ɗamara bakwai. Shi kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa. Bai yi kuskure ba, gama lemo ba shi da sama, ba shi da ƙasa.

Akwai kuma layukan da suka tashi daga arewa zuwa kudu, kamar tsagin cikin lemo. Su ne na lokaci. Kewayen duniya digiri 360 ne, tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Watau kowace awa digiri 15. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washinton, suka yarda a fara ƙirga daga layin da ya bi ta Girinic, a Landan. Layin nan ya sauko ta garin Tema, kusa da Ankara. Wanda ke gabas yakan riga na yamma ganin rana. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano, a Makka ƙarfe 2 ne, a Kumasi kuwa ƙarfe 11. Maiduguri da Sakkwato agogonsu ɗaya, amma akwai wajen digiri 8 tsakaninsu. Shi ya sa mai azumi a Maiduguri yakan riga na Sakkwato shan ruwa da wajen rabin awa.

7. Yankunan ruwan sama

Ga rabon da ya fi shafar manomi. Iska biyu ne suke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, ita ke kawo damina. Ɗaya daga hamada, ta arewa maso gabas, ita ke kawo hunturu. Iskar teku takan zubar da yawancin ruwanta a kudu kafin ta iso mu. Ta iso mu a makare, ta koma da wuri.

Saboda haka ƙasa ta kasu ɗamara-ɗamara. Tsofaffin fatake sun san wannan da ƙafarsu. A bakin teku, kamar Kalaba, ruwan shekara yakan wuce inci 100. Nan ne kurmi, ƙasar goro da kwakwar manja da koko. Gaba da shi daji mai dogayen ciyayi, ƙasar doya da dawa, da kaɗanya da ɗorawa. Sa'an nan ƙasar Kano da Katsina, mai damina wata huɗu, ƙasar gero da gyaɗa da wake, da kuka da gawo. Sa'an nan Sahel, ƙasar ƙaya da aduwa da kiwo. A Agadas ruwan shekara bai kai inci 10 ba. Gaba da nan sai hamada, sai raƙumi da dabino da gishirin Bilma.

Iyakar waɗannan yankuna ba a kafe take ba. Takan matsa. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, Tafkin Cadi ya janye ƙwarai.

8. Rabonmu

To, mu haɗa lissafi. Zurfin duniya mil 4,000. Ɓawonta mil 20. Rijiyarmu gaba 10. Ƙasar noma kuwa, wadda duk abincinmu ke fitowa daga gare ta, a yawancin gonakinmu ba ta fi taƙi ɗaya ba. Masana sun ce inci ɗaya nata yakan ci shekaru ɗaruruwa kafin ya taru. Amma in gona ta zama tsirara, ruwa da iska sukan kwashe shi cikin 'yan shekaru, a bar mai gona da marmara.

Ba mu da iko da ƙwallon duniya. Ba mu da iko da iskar teku. Amma wannan taƙi ɗaya a hannunmu yake. Manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram sun gwada. Tun bayan farin 1984 suka daina tumɓuke tohon itatuwa in suna sharar gona. Sukan zaɓi toho mai ƙarfi, su sassabe sauran, su bar shi ya girma. Ta haka miliyoyin itatuwa suka komo gonakin da suka zama fili. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi. Ku bar itace a gona. Ku kai taki. Kada ku ƙone kara duka. A gona mai gangare, ku yi kunya a gicciye don ta tare ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomin da za a rubuta

ɓawo, tsoka, ƙwallo, girgizar ƙasa, teku, nahiya, taswira, Ikwaita, digiri, hamada.

Tambayoyi

1. Faɗi hawa uku na cikin duniya. A kan wanne muke zaune?
2. Tun da ba wanda ya shiga cikin duniya, yaya aka san abin da ke ciki?
3. Don me Jos ta fi Kano sanyi?
4. In ƙarfe 4 na yamma ta yi a Kano, ƙarfe nawa ne a Makka?
5. Don me damina ta fi tsawo a kudu?
6. Faɗi abu uku da manomi zai yi don kada ƙasar gonarsa ta zaizaye.

Aikin yi

(a) Ku kafa sanda a miƙe a filin aji. Ku riƙa duba inuwarta da tsakar rana sau ɗaya kowane mako. A watan Janairu inuwar arewa za ta nufa, a watan Yuni kudu. A ƙasar Kano, cikin Afirilu da kuma cikin Agusta, akwai ranar da inuwar za ta shige gindin sanda. Ku rubuta ranar da kuka ga haka a garinku.

(b) Ku je inda ake haƙa rijiya ko kududdufi. Ku auna kaurin ƙasar noma da hannu. Ku ɗebo kowace irin ƙasa da kuka gani, ku jera su a aji yadda suke a ramin, kowace ku rubuta sunanta.